Ana Ganinta, Ba a Jin Ta Bakinta: Matsayin Mace a Allon Talabijin

Duk wanda ya zauna gaban talabijin daga faɗuwar rana zuwa tsakar dare ba zai ce ba a nuna mata ba. Suna cikin talla, suna cikin wasan kwaikwayo, suna karanta labarai, kuma a tashoshi da yawa fuskar mace ce ke fara tarbar mai kallo a shirin safe. Wannan ne ya sa idan aka tayar da maganar cewa talabijin na tauye mata, wasu kan yi mamaki su ce ai kusan rabin allon nasu ne, to me kuma ake nema. Amma ƙirga fuskoki ba ya amsa tambayar da ta fi muhimmanci, wato a matsayin wa aka kawo macen, me aka bar ta ta faɗa, kuma wa ya yanke shawarar hakan tun kafin a kunna kyamara. A nan ne gizo ke saƙar, domin ana ganin mace sosai a talabijin, amma ba kasafai ake jin ta bakinta a kan abin da ta sani ba.

A ɗauki rahoton ambaliya na minti biyu, irin wanda kowace tasha a duniya take yi. Hoton farko na ruwa ne ya shanye gidaje. Na biyu wata mata ce tsaye a bakin ruwan da yaro a hannu, tana share hawaye tana cewa komai nasu ya tafi, kuma sau da yawa ba a rubuta sunanta a ƙasan allo, ko kuwa a rubuta "wadda abin ya shafa" kawai. Daga nan sai kyamara ta koma wani ofis inda wani mutum ke zaune bayan tebur, an rubuta cikakken sunansa da muƙaminsa, yana bayyana dalilin ambaliyar, da adadin waɗanda suka rasa matsuguni, da matakin da za a ɗauka. Babu ƙarya ko ɗaya a rahoton, kuma ɗan jaridar da ya haɗa shi bai yi nufin wulaƙanta kowa ba. Sai dai an riga an raba aiki, ita ta kawo hawaye shi ya kawo bayani. Yaron da ya tashi yana ganin wannan rabon a rahoton gobara, da na yaƙi, da na tsadar rayuwa, da na annoba, ba ya buƙatar wani ya zaunar da shi ya gaya masa wurin wa ake zuwa idan ana neman sani.

Wannan ba zato ba ne, an auna shi. Tun daga 1995 ake gudanar da wani bincike na duniya da ake kira GMMP, inda masu sa ido a ƙasashe da dama ke zaɓar rana guda duk bayan shekara biyar su ƙirga mutanen da aka gani, aka ji, ko aka ba da labarinsu a jaridu da rediyo da talabijin. A zagayen farko, wanda ya haɗa ƙasashe 71, mata sun kasance kashi 17 cikin ɗari. A 2010 sun kai kashi 24, a 2015 suka tsaya cak a 24 ɗin, a 2020 kuma, da aka duba ƙasashe 116, suka zama kashi 25. Cikin waɗanda aka gayyata a matsayin ƙwararru su yi sharhi a wannan shekarar, mata kashi 24 ne. A shekarar da aka fara binciken ne ƙasashe 189 suka amince a taron mata na Beijin cewa za su gyara yadda kafofin yaɗa labarai ke nuna mata, amma shekara 25 bayan wannan alƙawarin, mutum uku cikin kowane huɗu da labarai ke magana da su ko a kansu maza ne. Tun a 1978 masaniyar halayyar zamantakewa Gaye Tuchman ta bayyana hanyoyi uku da kafofin ke bi su shafe mata, wato ko dai a ƙi nuna su gaba ɗaya, ko a nuna su a mayar da al'amarinsu abin wasa, ko a nuna su a ɗora musu laifi. Hanya ta farko ta ragu, sauran biyun kuwa suna nan da ransu.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne batun shekaru. A duba teburin labarai na tashoshi da yawa, za a ga namiji mai furfura kusa da mace wadda ya girme ta da shekara ashirin ko fiye. Furfurarsa shaida ce ta gogewa, tata kuwa dalili ne na neman wadda za ta maye gurbinta. A 1981 wata tasha a birnin Kansas na Amurka ta sauke Christine Craft daga karanta labarai tana da shekara 36, ita kuma ta ce an shaida mata cewa masu kallo na ganin ta tsufa, ba ta da kyau isasshe, kuma ba ta nuna ladabi ga maza. Sau biyu masu taimaka wa alƙali suna ba ta gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Bayan kusan shekara talatin, a 2009, BBC ta cire Miriam O'Reilly da wasu mata uku masu shekara arba'in da hamsin da wani abu daga shirin Countryfile lokacin da aka mayar da shi yamma, lokacin da aka fi kallo, alhali ta bar John Craven wanda ya girme su duka. A watan Janairun 2011 kotun ma'aikata ta yanke cewa an nuna wa O'Reilly wariya saboda shekarunta, ko da yake ba ta amince da ƙarar wariyar jinsi ba. A Ostireliya kuma, a 2014, mai gabatar da shirin safe Karl Stefanovic ya bayyana cewa ya shafe shekara guda yana saka kwat ɗaya shuɗiya ba wanda ya tanka, yayin da abokiyar aikinsa Lisa Wilkinson ke shan suka daga masu kallo kan tufafinta. Wannan ya nuna cewa matsin ba daga shugabannin tasha kaɗai yake zuwa ba, da hannun mai kallo a ciki.

A wasan kwaikwayo mai dogon zango mata ba su da ƙarancin fitowa, hasali ma galibi su ne ginshiƙin labarin. Matsalar ita ce ƙuncin rawar da ake ba su. Akwai ta kirki, mai haƙuri wadda ake zalunta zango bayan zango tana kuka a ɗaki, ba ta ɗaukar wani mataki har sai ƙaddara ko wani namiji ya cece ta. Akwai kuma muguwa, wadda ita ce mai wayo, mai buri, mai kuɗinta, mai iya magana, kuma ita ce za a wulaƙanta a ƙarshe. A lura da wannan rabon da kyau, domin ya haɗa nagarta da rashin kataɓus a gefe guda, ya haɗa basira da mugunta a ɗaya gefen. Rikicin kuma kusan kullum tsakanin mace da mace ne, uwar miji da matar ɗa, ko mata biyu a kan namiji guda, shi kuwa namijin yana tsakiya kamar bai san hawa ba bai san sauka ba, ko da shi ne ya haddasa komai. Shirye-shiryen Indiya na uwar miji da suruka, waɗanda suka mamaye tashar Star Plus daga shekarar 2000, sun yi wannan salon har ya zama sana'a, kuma da aka fassara su tare da na Meziko da na Turkiyya zuwa harsuna da dama, sai salon ya bi su ƙasashen da ba a yi su domin su ba. Ba ina cewa babu kishi ko sharri tsakanin mata a rayuwa ba ne. Akwai, amma akwai kuma zumunci, da sana'a, da karatu, da jinya, da shugabanci, kuma mafi yawan sa'o'in rayuwar mace a waɗannan suke tafiya. Binciken da Martha Lauzen ta daɗe tana yi duk shekara a Jami'ar Jihar San Diego kan shirye-shiryen Amurka ya sha nuna cewa yawancin matan da ke cikinsu 'yan shekara ashirin da talatin ne, mazan kuma 'yan talatin da arba'in, kuma an fi sanin namiji da aikinsa, mace da matsayinta na mata ko uwa.

Me ya sa abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa duk da sukar da ake yi? Babban dalili kuɗi ne. Tashar kasuwanci ba shiri take sayarwa ba, idon mai kallo take sayar wa mai talla, shirin kuwa hanya ce ta tara idanun. Tun zamanin rediyo a Amurka, a shekarun 1930, kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble ne ke ɗaukar nauyin wasannin rana domin su isa ga matan da ke gida, kuma da talabijin ya zo sai ya gaji tsarin yadda yake. Macen da aka zana a waɗannan shirye-shirye ita ce macen da ake son a sayar wa kaya, mai damuwa da farin wanki, da ƙyallin tukunya, da ko mijinta zai yaba. Ita kuma talla daƙiƙa talatin gare ta, ba ta da lokacin gina mutum mai zurfi, saboda haka sai ta ɗauki hoton da kowa ya riga ya sani ta yi amfani da shi. Marubucin da aka ce ya kawo shiri biyar a mako shi ma hanyar da ya san ta ɓulle zai bi, domin faɗan uwar miji ba ya cin kuɗin haɗawa, ɗaki guda da 'yan wasa uku sun isa, kuma an tabbatar yana riƙe masu kallo. Haka tallar man ƙara hasken fata ta yi shekaru tana nuna yarinyar da aka ƙi ɗauka aiki ko aka ƙi aura har sai da ta yi fari, kafin suka ta sa kamfanin Unilever ya sauya sunan Fair & Lovely zuwa Glow & Lovely a 2020. A Birtaniya sai da hukumar kula da tallace-tallace ta kafa doka a watan Yunin 2019, kuma cikin tallace-tallacen farko da ta haramta akwai na motar Volkswagen, wanda ya nuna maza a sararin samaniya da fagen wasanni, mace kuma zaune a benci kusa da keken jariri.

Akwai masu cewa duk wannan nishaɗi ne kawai, kowa ya san wasa wasa ne. George Gerbner, wanda ya shafe shekaru yana nazarin talabijin a Jami'ar Pennsylvania, ya amsa da cewa ba shiri guda ke sauya mutum ba, maimaici ne na shekara da shekaru ke gina abin da mutum ke ɗauka a matsayin yadda duniya take. Da yayyafi kogi kan cika. Amma abin da ya fi jan hankali shi ne wuraren da aka samu damar auna mutane kafin zuwan talabijin da bayansa. A 1995 talabijin ya isa lardin Nadroga na ƙasar Fiji, al'ummar da ta daɗe tana ganin cikar jiki a matsayin kyau da lafiya. Likitar ƙwaƙwalwa Anne Becker ta tambayi 'yan matan makarantar sakandare a farkon zuwansa, ba ta samu ko ɗaya da ke jawo wa kanta amai domin rage ƙiba ba. Da ta koma a 1998, bayan shekara uku na kallon shirye-shiryen Amurka da Ostireliya da Birtaniya, kashi 11 cikin ɗari suka ce suna yi. 'Yan matan da aka tambaya ba su da yawa, sittin da 'yan kai ne a kowane zagaye, saboda haka bai kamata a ɗora wa binciken abin da ya fi ƙarfinsa ba, amma da bakinsu wasu daga cikinsu suka ce so suke su yi kama da matan da suke gani a allo.

Sai dai labarin ba fuska ɗaya gare shi ba, kuma wannan ne ɓangaren da masu sukar talabijin suka fi tsallakewa. Masana tattalin arziki Robert Jensen da Emily Oster sun bi ƙauyuka 180 a Indiya daga 2001 zuwa 2003, lokacin da tashoshin kebul ke shiga karkara. A sakamakon da suka wallafa a 2009 sun ce a ƙauyukan da tashoshin suka shiga, matan da ke ganin ya halatta miji ya doki matarsa sun ragu, fifita ɗa namiji a kan 'ya mace ya ragu, kuma matan sun ƙara samun ta cewa a harkokin gida. Wasu masana da suka sake bin alƙaluman daga baya sun yi jayayya kan ƙarfin sakamakon, amma tambayar da ya tayar tana nan. Shirye-shiryen da matan suka fi kallo su ne waɗannan na uwar miji da suruka, waɗanda 'yan boko a birane ke kira koma-baya. Ga matar birni mai digiri, jarumar da ke kuka a ɗaki ci-baya ce. Ga matar ƙauye kuwa, wannan jarumar ta yi makaranta, ta yi aure da girmanta, tana fita, tana riƙe kuɗi, tana mayar da magana. A Brazil ma Eliana La Ferrara da abokan aikinta sun duba wasanni 115 da tashar Globo ta nuna tsakanin 1965 da 1999, suka ga kashi 72 cikin ɗari na manyan jaruman mata 'yan ƙasa da shekara hamsin ba su da ɗa ko ɗaya a cikin labarin, kashi 21 kuma ɗa guda gare su, a ƙasar da a 1960 mace kan haifi fiye da shida. Sun gano haihuwa ta fi raguwa a yankunan da tashar ta isa, har iyaye na raɗa wa jarirai sunayen jaruman. Ko mutum ya ɗauki wannan sauyin alheri ko akasinsa, abin lura shi ne babu majalisar da ta zauna ta yanke shi, marubuta ne suka ga labarin soyayya ya fi sauƙin tafiya idan babu yara a ciki. Hoto ɗaya na iya zama ƙangi ga wata mace, ya zama taga ga wata, gwargwadon inda kowacce take tsaye, don haka duk hukuncin da aka yanke wa shiri ba tare da tambayar wa ke kallonsa ba hukunci ne rabi da rabi.

Abin da ke damuna da yadda ake tafka wannan muhawara shi ne kusan kullum a kan tufafi take tsayawa. Wani ɓangare na kukan an tsiraita mace an mayar da ita hajar talla, kuma yana da gaskiya, domin babu abin da ya haɗa jikin mace da sayar da taya ko lemo in ba neman jan ido ba. Amma idan maganin da aka kawo shi ne a ɓoye ta gaba ɗaya, to har yanzu jikinta ake kallo. A Afganistan, a watan Nuwamban 2021, gwamnatin Taliban ta hana tashoshi nuna wasannin da mata ke ciki, a watan Mayun 2022 kuma ta umarci mata masu gabatarwa su rufe fuskokinsu. Mai tallar da ya tsaya a kan surarta da hukumar da ta share ta daga allo sun saɓa a komai, amma sun haɗu a kan cewa abin da ya fi muhimmanci game da mace shi ne yadda ake ganinta. Ana iya suturta jaruma tsaf daga sama har ƙasa, a kuma rubuta ta a matsayin wadda ba ta da tunani, ba ta da sana'a, ba ta da abin faɗa sai gulma da kuka. Al'ummomi za su ci gaba da bambanta a kan abin da ya dace a saka, kuma haƙƙinsu ne, amma tambayar ko an nuna mace a matsayin mai hankali da ilimi da iya yanke shawara ta shafi kowace al'umma.

Daga nan sai a koma bayan kyamara. A 2017 BBC ta wallafa sunayen ma'aikatanta masu karɓar fiye da fam 150,000 a shekara, aka ga kusan kashi biyu cikin uku maza ne. A watan Janairun 2018 Carrie Gracie ta ajiye muƙaminta na editar China saboda bambancin albashi, a Janairun 2020 kuma Samira Ahmed ta yi nasara a kotu bayan ta nuna ana biyanta fam 440 a kowane shiri, ana biyan Jeremy Vine fam 3,000 a shiri mai kama da nata. Binciken Lauzen ya nuna cewa shirye-shiryen da mace ke cikin waɗanda suka ƙirƙiro su sun fi ɗaukar mata marubuta da daraktoci, kuma sun fi ba mata manyan rawa. Duk da haka zaman mace a kujerar shugabanci ba ya wadatarwa shi kaɗai, domin Ekta Kapoor, wadda kamfaninta ya fi kowa yaɗa wasannin uwar miji a Indiya, mace ce, kuma abin da kasuwa ke saye ta bi.

A ɗakin labarai kuwa, yawancin wariyar ba da niyya ake yin ta ba, gaggawa ce ke haifar da ita. Furodusa na da sa'a biyu ya samo mai sharhi, sai ya buɗe wayarsa ya kira wanda ya zo makon jiya, wanda ya san zai ɗauka, zai zo a kan lokaci, zai yi magana ba inda-inda. Wanda aka kira sau goma ya goge, wadda ba a taɓa kira ba ba ta samu inda za ta goge ba, sai a ce babu mata ƙwararru a fannin. Wasu matan kuma da kansu suke ƙin zuwa, ko don shirin ya faɗo lokacin da hidimar gida ta fi yawa, ko don sun ga zagin da wadda ta fito jiya ta sha a shafukan sada zumunta, zagin da ya fi karkata ga fuskarta da muryarta fiye da hujjarta. A 2017 Ros Atkins na BBC ya fara wani abu mai sauƙi a shirinsa, wato bayan kowane shiri a rubuta maza nawa mata nawa aka gayyata, a bar waɗanda labari ya tilasta a nuna irin su shugabannin ƙasa, kuma kada a taɓa ajiye wanda ya fi cancanta domin cike gurbi. Cikin 'yan watanni mata suka tashi daga ƙasa da kashi 40 zuwa rabi, tsarin kuma ya bazu zuwa ɗaruruwan shirye-shirye da wasu kafofi a ƙasashe da dama da sunan 50:50. Ƙwararrun suna nan tun da can, ba a neme su ba ne.

Sai dai ƙirga tana da iyaka. Takardar furodusa za ta nuna an kawo mata biyar maza biyar, amma ba za ta nuna an tambayi mazan kasafin kuɗi da tsaro, an tambayi matan tarbiyya da kwalliya ba, kuma ba za ta nuna wa aka katse yana tsakiyar magana ba. Haka nan sabon salon da wasu tashoshi suka runguma na mace mai ƙarfi, shugabar kamfani, kyakkyawa, siririya, matashiya, wadda ba ta gajiya ba ta kuskure, shi ma wani ƙunci ne, domin ya ɗauki mace ɗaya cikin dubu ya ce ita ce ma'auni. Manomiya, da ungozoma, da malamar firamare, da mai lalurar nakasa, da dattijuwa mai shekara saba'in da ta san tarihin rikicin da ake sharhi a kansa fiye da duk waɗanda ke sutudiyo, har yanzu sun fi shiga labarai ne a ranar da bala'i ya same su, kuma ko a ranar, tambayar da aka fi yi musu ita ce yaya suke ji, ba me suke ganin ya kamata a yi ba.